Yadda Aka Kai Ni Garwa Koyon Kawar da Muda

Tun da na dawo daga Garwa ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba a majalisarmu ta Tudun Wada, nan Gombe. Da na kai kofi baki sai wani ya ce, "Muda, wai da gaske ne a Kamaru har a allo aka rubuta ka?" Wani ya ce ya ji an ce kuka na yi. Ɗanjuma tela kuwa, wanda ko Dadin Kowa bai taɓa wucewa ba, shi ya fi kowa sanin abin da ya same ni a ƙasar waje. To na gaji da gyaran labarina a bakin mutane. Ga shi na rubuta da hannuna, da ɗan bokon yaƙi da jahilci da na samu kafin malamin namu ya gaji da mu ya gudu. Inda kuka ga harafi ya karkace, ku tallafe shi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana na yanka Mudassiru, amma sa'o'ina Muda suke ce mini tun muna wasan langa. A kamfanin man gyaɗa na marigayi Alhaji kuwa, inda na shiga da baƙin gashi har na yi furfura, babu mai kiran sunana. Baba Heluma ake cewa, domin ni ne shugaban ma'aikata. Aikina shi ne in ga kowa yana aiki, kuma na daɗe da gano cewa wannan aiki ya fi kyau a zaune.

Da Alhaji ya rasu, 'yarsa Hajiya Nafisa ta karɓi ragama. Yarinyar da na sha ɗauka a kafaɗa ina saya wa alewa, yanzu ita ke zuwa daga GRA da gilashi a ido da waya biyu a hannu. Ba ta da raini, gaskiya. Sai dai tana da kallo. In ta tsaya tana kallon wuri, sai ka ji kamar kai ne ka ajiye shi a karkace.

Wata safiya na je ofis gaishe ta, na tarar ƙofa a ɗan buɗe, tana waya, tana cakuɗa Hausa da Turanci. Turancin ya wuce ni, Hausar ta tsaya a kaina.

"Matsalarmu muda ne," in ji ta. "Ko'ina na duba a kamfanin nan muda nake gani. Shi ke cinye mana riba. In ba mu kawar da shi ba kafin sabuwar gyaɗa ta shigo, rufewa za mu yi."

Sallamar da ke bakina ta koma ciki. Wai ko'ina ta duba ni take gani, ni da wuri ɗaya nake zama. Ina shirin sulalewa ta hango ni.

"Yauwa, Baba Heluma, shigo. Ka shirya, za mu Garwa, da ni da kai da Buba. Akwai wani kamfanin mai da sabulu a can da ke aiki da wata dabara ta mutanen Japan, ina so mu gani da idonmu. Kaizan."

Na tsaya ina jiran ta ƙarasa. Ba ta ƙarasa ba.

"Kai zan me, Hajiya?"

Ta yi dariya. "In mun je za ka gani."

Da na gaya wa mai ɗakina, ba ta ko ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, "Ai rago ma sai an ba shi dusa kafin layya." Wannan ita ce ta'aziyyar da na samu a gida.

Sai na gaya muku wane ne Buba, don in ba ku san shi ba ba za ku gane komai ba. Buba shi ke tayar da babban injin matsa. Bafulatani ne na Barunde, kuma surukina ne, mijin 'yata Asma'u. Tun da aka ɗaura auren bai taɓa haɗa ido da ni ba, bai taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabana ba, sunana kuwa ba na jin ya taɓa furta shi ko a mafarki. Da wannan bawan Allah aka haɗa ni tafiya, kuma shi ne direba, shi ne tafinta.

Muka ɗauki hanyar Yola bayan sallar asuba, Hajiya a baya, ni a gaba. Tun kafin Billiri na lura Buba ba ya kallon madubin da ke ɓangarena, don kada idonsa ya faɗa a kaina. Wajen Kaltungo saura ƙiris wata tirela ta kwashe mana gefe. Na ce, "Buba, ka riƙa kallona, na yafe. Gara a kalle ni da rai da a kalle ni a makara." Ya ce, "To, Baba." Ya ci gaba da kallon gabansa. Daga nan ni na zama madubi, ina cewa "ga wata" ko "babu kowa", har muka tsallake gadar Numan.

A Numan Hajiya ta saya mana gasasshen kifi. Buba ya ce ya ƙoshi. Mutumin da tun asuba ko ruwa ban ga ya sha ba. Na cinye nawa, na cinye nasa don gudun almubazzaranci, ina ci ina tuna maganar mai ɗakina game da dusa.

Mun kwana a Jimeta, washegari muka nufi kan iyaka ta Belel. Hanyar nan ba zan zage ta ba, tunda ta bar ni da ƙashin bayana, ko da yake ba a inda ta same shi ba. Iyakar kanta ba wata katanga ba ce kamar yadda nake zato. Sanda ce aka gicciye, da rumfa, da mutane masu kama da mu a can da nan. Namu suka duba takardu da katin rigakafi suka sallame mu. Muka taka zuwa wajen jandarmomin Kamaru. Wani dogo ya buɗe fasfona, ya dube ni, ya ce:

"Mushe Mudassiru."

Na ce, "A'uzu billahi. Da raina da lafiyata."

Buba ya matso, yana magana da takalminsa. "Baba, girmamawa ce a Faransanci. Kamar a ce malam."

"To ka gaya masa shi ma mushe ne, da shi da iyayensa, Allah ya ƙara musu girma."

Buba bai fassara ba. Jandarman ya tambayi abin da ya kawo ni ƙasarsu. Na ce a gaya masa ni ma abin da nake so in sani ke nan.

Motarmu ba ta da takardar tsallakewa, sai muka bar ta wajen wani mai shago muka shiga ta haya. Direban ya ce kujerar gaba ta mutum biyu ce, ni da Buba. Buba ya dubi kujerar, ya auna cewa cinyarsa za ta taɓa tawa har Garwa, sai ya zaga ya shige but ɗin motar ya zauna kan buhunan albasa. Haka ya shiga ƙasar mutane, da baya, yana hawaye. Albasa ce, in ji shi.

A masauki ma haka. An ba Hajiya ɗakinta, mu aka ba mu ɗaya mai gado biyu. Da gari ya waye na ga gado ɗaya ko lotsawa bai yi ba. Ashe wajen maigadi ya shimfiɗa tabarma.

Karin kumallonsu shi ne abin da ya fara cin mutuncina. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, kuma tsirara ake yawo da shi a hammata, babu leda babu takarda. Na ɗauka taushinsa irin na namu ne, na gatsa da ƙarfina. Haƙorina na gaba, wanda ke lilo tun bara, ya ce a gai da mutanen Gombe. Wanda ya ga gibina ya ce faɗa na yi a Kamaru, to da burodi na yi, kuma shi ya yi nasara. Abincin rana dai babu laifi. Tuwon dawa ne da miyar yakuwa, wadda suke kira folere, da kifin Binuwai mai maiƙo. A nan na gane duk Faransancin nan a baki ya tsaya, ciki namu ne.

Da muka isa kamfanin, wani siririn mutum sanye da shuɗin kayan aiki irin na lebura ya tarye mu a ƙofa. Na miƙa masa jakata na ce ya bi ni da ita a hankali, akwai magani a ciki. Ya karɓa da hannu biyu. Ya kai ta har ɗakin taro, ya ajiye kusa da kujerata, sannan ya wuce gaba ya ɗauki alli. Ashe shi ne manajan kamfanin baki ɗaya, Mushe Hamadu, wanda aka tura har Japan ya koyo abin. Na nemi ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba, don siminti ne kuma an goge shi tas.

Kafin karatu ya zaga da mu. Abin da na gani ya ɗaure mini kai. Ƙasa duk an ja layi da fenti ruwan ɗorawa, mutum da hanyarsa, baro da tasa. A bango akwai allo da aka zana inuwar kowane ƙarfe, sufana da makwancinta, guduma da nata, in an ɗauke ɗaya inuwarsa na nan tana kai ƙara. A wurinmu kayan aiki a akwatina suke, makulli a aljihuna, mai so ya zo ya gaishe ni tukuna. Da muka leƙa sito kuwa tausayi ya kama ni. Kusan wayam. Na raɗa wa Buba, "Allah sarki, ashe karyewa suka yi, shi ya sa manaja ke sa kayan lebura." Sai Hajiya ta ce ba haka ba ne, da gangan ne, iya abin da mai saye ya nema suke yi. Wai tarin kaya ciwo ne. Ni kuwa tun tasowata, sito cike shi ne albarka. Alhaji in yana so ya ji daɗi, sito yake shiga ya shafa jarkoki.

Muka koma ɗakin taro. Hajiya ta zauna a gaba tunda tana taɓa Faransanci, ni da Buba a baya. Mushe Hamadu yana yi yana sirkawa da Fulatanci, ni kuma nawa Fulatancin na ciniki ne, ya ƙare a nono da ƙirga. Can ya juya ya rubuta harafi huɗu manya a allo. A duk bokon duniya, wannan ce kalmar da ba na kuskuren karantawa. MUDA. Ya ɗauki jan alli ya gicciye ta, ya sake gicciyewa.

Na taɓa Buba da gwiwar hannu. Ya zabura kamar an ɗana masa wuta.

"Me ya ce?"

"Ya ce... abin nan ba shi da kyau, Baba."

"Wane abu?"

"Abin da ya rubuta."

"Karanta mini."

Gumi ya keto wa Buba. Ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji. Na ce shi ke nan, har surukina ya san zancen, kunya ce ta hana shi faɗa. Duk lokacin da Mushe Hamadu ya ambaci sunan, Buba sai ya tsallake wurin kamar mai tsallake kwata, ya bar ni da guntayen magana: "Wai... yana ɓuya. Wai mutane sun saba da shi har ba sa ganinsa. Wai tun yana ƙarami ake maganinsa." Na ce a raina, wannan kam sun makara.

Sai kuma ya ɗaga yatsu bakwai, ya faɗi ƙirgar da Fulatanci, wannan na ji da kunnena. Muda bakwai. Na fara lissafi a ƙarƙashin tebur. Ni ɗaya. Buba, ni na kawo shi. 'Ya'yan ƙanwata biyu da ke ɗaukar buhu. Ƙanen mai ɗakina, maigadi. Ɗan maƙwabcina mai cika jarka. Na tsaya a shida, na fara samun sauƙi, sai na tuna mai ƙosan da na ba wuri a bakin ƙofa. Cif. Na ce lallai yarinyar nan ta yi bincike, har ƙasar waje ta aiko da sunayenmu.

Rana ta biyu aka shiga da mu inda injuna ke aiki. Muna tsaye sai wata mata mai naɗe sabulu ta miƙa hannu ta ja wata igiya da ke rataye saman kanta. Fitila ta kama, inji ya tsaya cak. Na ja da baya don in ba mari hanya. Mushe Hamadu ya taho da sauri, ya tsaya gabanta, ya ɗan rusuna, ya ce, "Useko." Wannan ma na sani, godiya ce. Godiya, jama'a. Mace ta tsayar da injin kamfani, manaja yana mata godiya. Wai takardar naɗin ce ta fara karkacewa. Ya tsuguna yana tambaya, me ya sa, me ya sa, me ya sa, kamar yaron da aka hana zuwa kasuwa, har suka gano wani ƙusa ne ya saki. Ko sau ɗaya bai ce wane ne ba. A wurinmu tambaya ta farko ita ce wane ne, ta biyu ɗan gidan uban wane ne, kuma yawanci ba a kaiwa ta uku.

Ina cikin wannan mamaki sai ya zo ya kama hannuna, ya kai ni tsakiyar fili, ya zana da'ira da alli a ƙasa, ya sa ni ciki. Ya ce da Buba a gaya mini in tsaya nan, kada in fita, kada in yi magana, in yi kallo kawai. Suka tafi suka bar ni. Na ce to, an ware rago daga garke.

Rabona da tsayuwa irin wannan, in ba a sahun sallah ba, na manta. Ƙafafuna suka fara gunaguni. Da na rasa abin yi sai na fara kallon da aka ce. Ga wani yana gangaro da ganga babu komai ciki daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya juyo da wata. Ga wasu biyu sun riƙe ƙugu suna jiran na uku ya gama da sikeli. Da suka dawo, Mushe Hamadu ya tambayi abin da na gani, na faɗa, Buba ya fassara. Fuskar mutumin ta washe. Ya tafa hannu, ya miƙe yatsa saitin kaina, ya ce da ƙarfi, "Muda."

Daga baya na gane mai gangar yake nunawa, yana bayana. Amma a lokacin nan haƙurina ya ƙare. Na fito daga da'irar, na gyara hula.

"Ya isa haka," na ce. "Na ji, ni ne. Hajiya, da kin faɗa mini a Gombe da ba a ƙona mai ba, da haƙorina yana bakina. Ni ki kore ni, na ci zamanina. Amma ki bar sauran shidan, masu iyali ne. Buba ma ki bar shi, 'yata ce za ta sha wuya. Mai ƙosai kuwa ko albashi ba ta karɓa."

Hajiya ta cire gilashi.

"Baba Heluma, wa ya ce za a kore ka?"

"Ke, da bakinki, a waya. Kin ce sai an kawar da Muda."

"To ina ruwan muda da kai?"

Ta tsaya. Na ga leɓenta yana motsi a hankali, tana harhaɗa sunan da take gani a takardar albashi. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Mushe Hamadu, wanda ashe yana jin Hausa kamar jakin Kano, ya nemi kwalin sabulu ya zauna, kafaɗunsa suna rawa.

Da ya samu numfashi ya yi mini bayani da Hausa. Wai muda a bakin mutanen Japan shi ne wahalar banza, duk motsin da ake yi wanda bai ƙara wa mai saye komai ba. Jira, ɗauki-sauke, tarin kaya, sake aikin da aka ɓata, da sauransu har bakwai. Kaizan kuwa ba kai zan kora ba ne, gyara ne kaɗan-kaɗan, yau a matsar da ganga, gobe a ɗaure ƙusa, kuma masu aikin ne ke nunawa don su suka fi kusa da shi.

"Ba mutum ba ne, Baba," in ji shi. "A wannan tsari ma ba a korar kowa don an gano muda. In ka kori ɗaya, sauran ba za su sake nuna maka ba."

Na ce, "Wato mutanen Japan, duk kalmomin da Allah ya ba su, sunana suka ga ya dace."

Ranar na ci tuwo har da ƙari. Na sayi sandunan burodi don tsarabar majalisa, da niyyar in fara ba Ɗanjuma tela. Na ɗauka magana ta ƙare.

A hanyar dawowa Hajiya ko waya ba ta taɓa ba, har muka karɓi motarmu, har muka wuce Jimeta. Sai bayan Numan ta yi gyaran murya.

"Buba, ka san abin da Baba yake zato?"

"Na sani, Hajiya."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar allo."

"Me ya hana ka gaya masa?"

Buba ya ƙara riƙe sitiyari. Ni na amsa masa, ina alfahari. Na ce, "Ai tarbiyya ce, Hajiya. Ɗan mutunci ba ya kama sunan surukinsa."

"Na sani, Baba. Shi ne abin da ya hana ni barci." Ta matso gaba kaɗan. "Mutumin da ya fi kowa kusa da kai ya ga kana ƙonewa a gabansa, ya kasa buɗe baki. To in bel ɗin inji ya fara tsinkewa fa? In mai yana zuba? Wa zai gaya maka? Ni wallahi ban taɓa niyyar cire ka ba. Yanzu ne nake tunani."

Burodin da ke kan cinyata ya yi mini nauyi.

Ta ce ba za ta ci amanar mahaifinta ba, albashina yana nan ko a gida nake. Amma kafin sabuwar gyaɗa ta shigo, in ba a samu ma'aikacin da ya iya tsayawa gabana ya nuna mini gyara ba, za ta kawo heluman da ake iya gaya wa. Kun dai san ni. Ku ce in zauna a gida ina karɓar albashi, mai ɗakina tana aike na sayen magi, gara a kai ni Kamaru a sake ciyar da ni burodi.

Wato na tafi ina tsoron korar da babu ita, na dawo da wadda na jawo da bakina. Har yau in na zauna ina warware wannan, kaina juyawa yake.

Da muka dawo aka ja layi a ƙasa, aka zana inuwar sufana, aka karɓe makullin akwatina ina ji ina gani. Aka rataya igiya kusa da babban inji. Kullum da safe mu tsaya a da'ira, in ce, "Wa ya ga wani abu?" Su ce, "Lafiya lau, Baba." Mai yana ɗiga a bayansu, ɗis, ɗis, su ce lafiya lau. Igiyar kuwa wani ya shanya rigarsa a kai.

Na ce su faɗi kalmar muda, na yafe duniya da lahira. Wani lebura ya ce, "Allah ya kiyaye, Baba, ba a haife mu haka ba." Hajiya ta ce to a ce ɓarna. Ba ta yi ba, don da an ce ɓarna sai kowa ya fara rantsuwa ba shi ba ne. Ta ce a ce asara. Wanda ya fara gwadawa, kafin ya rufe baki an yi salati an kewaye shi ana tambayar wa ya rasu. Na raba goro. Na yi lallashi. Ranar da abin ya ishe ni na ce duk wanda bai nuna mini laifina ba yau zai gane kurensa. Ranar ko tari ba a yi ba.

Motocin ƙauye suka fara shigowa da sabuwar gyaɗa. Wata safiya Hajiya ta zo da wani saurayi mai sa riga cikin wando, tana zagawa da shi tana nuna masa wurare. Ba ta gabatar da shi ba, ni ma ban tambaya ba. Na zauna a bencina ƙarƙashin dalbejiya, kusa da sikeli, ina jan carbi ba tare da na san me nake karantawa ba.

Sai na ji babban inji ya yi shiru.

Na tashi. Ban san ina da sauran gudu a jikina ba sai ranar. Na tarar da Buba tsaye, igiya a hannunsa, idonsa a ƙasa. Ma'aikata sun taru. Hajiya da baƙonta sun tsaya daga nesa.

"Buba, mene ne?"

Ya gyara tsayuwa. Sannan a hankali, kamar mai neman aure:

"Baba... akwai mai sunan Baba a wajen sikeli."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ni kuwa tambayar da ta fara zuwa bakina ita ce ta gado, wato wane ne, na danne ta da ƙyar, na ce, "Me ya sa?"

Ya ce sikelin ya yi nisa da inji. Kowane buhu sai an ɗauke shi daga mota, a ratsa fili da shi a auna, a sake ratso fili a dawo da shi, inji yana jira. Na ce me ya sa sikelin yake can. Ya ƙara sunkuyar da kai. Na sake cewa me ya sa. Ya ce, da muryar da sai ka kasa kunne, "Don a nan inuwa take, Baba. Inda Baba yake zama."

Gaskiya ne. Ni na sa aka kai shi can tun zamanin Alhaji, don in riƙa ganin awo ba tare da na tashi ba.

Kowa ya zuba mini ido. Na tuna godiyar nan da manaja ya yi wa mai naɗe sabulu a Garwa. Na dubi surukina, na ɗan rusuna, gwiwata ta yi ƙara, na ce, "Na gode, Buba."

Kafin azahar an ɗauke sikeli an kai bakin inji. Kafin la'asar ɗan ƙanwata ya zo yana sosa ƙeya, wai shi ma kamar ya ga wani mai sunan Baba a wajen jarkoki. Saurayin nan mai riga cikin wando ban sake ganinsa ba, kuma har yau ban tambaya ba.

To ga inda aka kwana. Ina nan a heluma. Sai dai yanzu yini nake a tsaye, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ana kirana in zo in ga takwarana, in yi godiya, a kawar da shi a gabana. Ko ƙara mini girma aka yi ko rage mini, wanda ya gane ya zo ya gaya mini, shayinsa a wuyana.

Jiya Hajiya ta leƙo da yamma, na ji tana tambayar Buba yaya aiki.

"Alhamdu lillahi, Hajiya. Yau mun kawar da mai sunan Baba har guda biyu."

"Shi Baban fa?"

"Yana can bayan sito yana neman na uku."